Randar Madam Rahila

Kun shigo kuna murmushi, wai aikin nan na asibiti ba aiki ba ne, laka ce kawai ake zube wa likitoci su yi wasa su huce. Kai mai jar hula har cewa ka yi da hannu ɗaya za ka yi shi, ɗayan yana kan waya. To, madalla. Tunda ku aka turo ku karɓe ni, gwiwata kuma ta ƙi hawa moto, wato babur, ku jawo tabarma in gaya muku abin da za ku tarar. Zane ba zan koya muku ba, kun yi makarantarsa a Marwa, ni ko alli ban iya riƙewa ba. Abin da na sani shi ne yumɓu, sai kuma mutanen da za ku zauna da su, waɗanda tun safe hannunsu ke cikin ciwon wasu.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan daka ne. Ni 'yar mahauci ce, babana yana da teburinsa a kasuwar Garwa, kuma a gidanmu ba a gina tukunya, sai dai a saya a fasa. Wata mata ce daga duwatsun wajen Mokolo, Mama Marta, ta kama ɗaki a bayan gidanmu tana gini. Kirista ce, Hausarta ta kasuwa, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ina 'yar budurwa na yi ta leƙenta ta kan katanga har ta gaji ta ce in zagayo. Na zaci ranar zan fito da tulu a ka. Sai ta miƙo mini taɓarya, ta nuna mini tarin fasassun tukwane, ta ce in daka su su zama gari, don shi ake cuɗawa da sabon yumɓu ya ba shi ƙarfi a wuta. Rani guda ina daka, ina tankaɗe, ina taka yumɓu da ƙafa har dunduniyata ta tsattsage. Dangin babana suka yi ta surutu, wai 'yar mahauta da ginin tukwane, ina aka taɓa gani. Babana ya ce ai abin da yake sayarwa ma ba a tafin hannu yake dahuwa ba, a ƙyale ni.

Kayan aikin duka kwando ɗaya ya ɗauke su, ga shi can a ƙarƙashin gado, da shi za ku tafi. Akwai sakaina ta kankare ciki, da guntun katako na buga baya, da dutsen kogi mai santsi na gogewa, da totuwar masara ta yin ado, da tsumma na gyara baki. Akwai kuma tsohon kaskon da ake ɗora gindin tukunya a kai ana juyawa. Dutsen na Mama Marta ne, ta bar mini shi da za ta koma gida. Ita ba ta yabo. In tukunya ta yi, sai ta juya ta sau ɗaya ta ajiye gefe. In ba ta yi ba, ta danna mata tafin hannu ta mayar da ita cikin tari, ta ce, "Hajara, kai kana sauri. Ina za ka?"

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Iyayen amare suna zuwa neman kaskon turare, su bi su ƙwanƙwasa kowanne kamar masu zaɓen kankana. Direbobin manyan motoci da ke tasowa daga Ngawundere suna son ƙaramin tulu mai ƙuntataccen baki, wanda ruwa ba zai zube ba in mota ta faɗa rami. Manyan tukwane kuwa gida biyu suke zuwa: masallatai suna sayen randa, matan duwatsu masu dafa giyar bilbil suna sayen irinta. Ni ban taɓa tambayar tukunya inda za ta kwana ba. Daga baya roba ta cika kasuwa, mutane suka gwammace ruwa mai ɗumi a bokiti mai launi, muka ragu ƙwarai.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda kogin Binuwai ya yi ambaliya. Ramin da nake haƙar yumɓu ya nutse, ruwa ya shigo gida ya tarar da tukwanen da ban gasa ba, ya mayar da su taɓo, aikin wata da watanni. Ruwa bai gama janyewa ba amai da gudawa ya shigo gari. Jikata ta kamu, muka kai ta asibiti, kuma a nan na fara ganin mutanen nan da idona. Gadaje sun cika, an shimfiɗa mutane a gindin dalbejiya, ruwan ƙari yana rataye a reshe. Na ga nas tana neman jijiya a hannun yaro, ita kanta yunwa na cin ta, kuma ta samu. Na ga likita ya tuɓe rigarsa ya yi wa tsoho matashi da ita. Jikata ta tashi. Tun daga lokacin ba na yarda a zagi ma'aikacin asibiti a gabana, ko da ya yi abin zagin.

Bayan damina ta wuce sai ga Dokta Hamadu a ƙofar gidana. Matashin likita ne, Bafulatani, mahaifiyarsa tsohuwar mai sayen kaskona ce. Ya gaishe ni da Fulatanci, yana ce mini Dada, wato uwa.

"Dada, jam na?"

"Jam, ɗana. Hajiya ta sake fasa kaskon ne?"

"Ba kasko ya kawo ni ba. Ke nake so ki zo lopital, asibitinmu, ki koya mana gini."

Na yi dariya har da tari. Shi bai yi ba. Ya ce mutanensa sun ƙare a tsaye. Wasu sun ajiye aiki, waɗanda suka rage ba sa barci, suna daka wa majinyata tsawa sannan su koma bayan ɗaki su yi kuka. An gwada tara su a ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa, kowa ya ce "sa ba", wato lafiya lau, aka tashi. Yanzu shugabanni sun ba shi wani tsohon sito a bayan wurin wanki, da yamma ɗaya a mako, yana son abin da zai riƙe musu hannu ko bakin zai buɗe da kansa.

"Amma gaskiya, Dada, saboda mutum ɗaya na zo," in ji shi.

Madam Rahila ce, shugabar ungozomomi a ɗakin haihuwa, wanda su suke kira matarnite. Rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo. Lokacin ambaliya ta yi kwanaki ba ta je gida ba, sai shi Dokta Hamadu da kansa ya tilasta mata ta je ta kwanta. Tana can aka kawo wata mata tana zubar da jini, kafin a je a taso ta matar ta cika. Tun ranar Madam Rahila ba ta ƙara yarda ta bar ɗakin a hannun kowa ba. In an tashi aiki ta kai bakin get sai ta juyo. A benci take kwana, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, ƙananan ungozomomi kuma ba ta barin ko ɗaya ta karɓi haihuwa ita kaɗai. Babban likita ya ba ta wa'adi, ya ce ko ta tafi hutu ko ya ɗauke ta daga ɗakin ya kai ta ofis. Ita kuma ta ce ranar da aka kai ta ofis ranar za ta ajiye aikin.

"In ta tafi, matarnite ta zama gini kawai," in ji shi. "In ta zauna a haka kuma, wata rana a kan majinyaciya za ta faɗi."

Ranar farko na kai yumɓu a buhu na zube a ƙasa, na jera kasake, na zauna. Suka shigo da fararen rigunansu, maza da mata, suka tsaya a jikin bango kamar an kira su gaban alƙali. Na ce kowa ya ɗebi yumɓu. Sai na ji tas, tas, tas ta ko'ina. Ina ɗaga kai, duk sun zaro safar hannu ta roba daga aljihu suna sawa! Na ce, "Ikon Allah! Wa ya ce muku yumɓun nan ba shi da lafiya?" Suka kalli hannuwansu, suka kalli juna, dariya ta ɓarke. Wani tsohon likitan tiyata ya ce wallahi bai san lokacin da ya sa ba. Ya cire, ya nutsa yatsunsa cikin yumɓu, sannan ya ce rabon da ya taɓa abu mai sanyi da laushi da fatar hannunsa, ba tare da tsoron abin da zai ɗauka ko ya sa masa ba, har ya manta.

Ku sani, a duk waɗanda na koya wa gini ban ga masu hannu irin nasu ba. Likitan tiyatar nan in ya haɗa igiyar yumɓu da 'yar'uwarta, sai ka rantse ba a taɓa raba su ba. Masu allura suna jin kaurin bangon tukunya tsakanin yatsa biyu, abin da na shekara ina koyo. Wuyar ba a hannunsu take ba. Wuyar ita ce yadda za ka zauna da su. Kada ka tambaye su yaya aiki. Kada ka ce wa mutum tukunyarsa ta fi ta wani, domin tun suna yara ake jera su ana cewa wane ya fi wane. In mutum ya shigo fuskarsa a murtuke, kada ka ba shi abin gini, ba shi taɓarya ya daka tsingaro, ko ya tuɓe takalmi ya taka yumɓu, in ya yi gumi zai nemi kasko da kansa. In waya ta yi ƙara mutum ya zabura ya fita da laka a hannu, ka rufe masa aikinsa da jiƙaƙƙen tsumma, in ya dawo kada ka dubi fuskarsa don neman labari. Wani zai dawo ya ci gaba da gini hawaye na ɗiga cikin tukunyar. Kai dai ka ci gaba da naka.

Madam Rahila ba ta zo ba sai a mako na uku, shi ma Dokta Hamadu ne ya ce mata ana neman ta a sito. Doguwa ce, baƙa, idanunta sun faɗa. Ta tsaya a bakin ƙofa, rabin jikinta a waje, kunnenta yana can ɗakin haihuwa.

"Mama, ni ba ni da lokacin wasa," in ji ta.

"Ni ma haka, Madam. Riƙe mini bakin nan kada ya faɗi, in gyara zanena."

Ta riƙe. Na daɗe ina gyaran zanen. Kafin in juyo ta zura hannu ɗaya cikin tukunyar, ɗayan a waje, tana tafiya da su tare kamar mai laluben kwanciyar ɗa a ciki. Ta ce kakarta ma maginiya ce a ƙauyensu, a kan dutse, tana yarinya takan ɗebo mata ruwa. Ranar ba ta zauna ba, amma mako na gaba ta zo da kanta, ta ce randa take son ginawa, babba, a ajiye a barandar matarnite, don masu jiran haihuwa suna shan ruwan famfo da zafinsa.

Sai tukwane suka fara tsagewa. Duk abin da muka gina muka rufe muka bari a siton, in na dawo mako na gaba sai in tarar baki ya dare, ko tsaga ta bi ciki. Randar Madam Rahila ma ta tsage kafin ta kai wuya. Abin ya ɗaure mini kai. Na zargi yumɓu, na ce ambaliya ta gauraya shi da yashi, na hau moto na je wani rami can gaba na haƙo sabo. Na ƙara garin tsingaro. Duk a banza. Su kuma abin ya fara taɓa su, don mutanen da suka gaji da asara ba a kawo su nan su ƙara ganin wata ba.

Wata safiya, ba ranar koyo ba, na kawo buhun yumɓu in ajiye. Na tarar da ƙofar sito a buɗe. Madam Rahila ce a gaba, ungozomomi biyu a bayanta, tsohon likitan tiyata a gefe hannunsa a baya. Suna bin tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga mayafi, ta danna da babban yatsa, ta juya tukunyar, ta ce wannan a matsar da ita kusa da taga ta sha iska. Ɗaya yarinyar tana ɗura ruwa cikin wata tsaga da sirinji. Wani tulu kuma har an manna masa filasta. Ashe kullum in sun gama zagayen duba marasa lafiya, sai su biyo nan su yi wa tukwane nasu zagayen, safe da yamma.

Na ajiye buhu na riƙe haɓa. Na ce, "To, ga cutar nan na gano. Ku ne!"

Na yi musu bayani. Ɗanyar tukunya so take ta bushe a hankali, baki da gindi tare. Duk lokacin da aka ɗaga mayafi, iskar Garwa mai zafi ta shiga, baki ya riga ciki bushewa, ya ja, ya tsage. Maginiya in ta gama gini rufewa take yi, ta ja ƙofa, ta tafi harkarta. Barin shi ne kulawar. Ina magana ina dariya, yaran ma suna dariya. Madam Rahila ba ta yi ba. Tana kallon layin tukwanen, kowace a lulluɓe da tsohon farin zanen gado da mai wanki ya ba mu.

"Mama," in ji ta, "a wajenmu, wanda aka ja wa farin zane aka rufe har ka, aka fita aka ja ƙofa, kin san ko wane ne."

Na daina dariya. Na juya na dubi ɗakin da idonsu, na ga abin da suke gani kullum in sun wuce ta taga. Tausayinsu ya kama ni ƙwarai. Na bi na kwashe fararen zannuwan na mayar wa mai wanki. Washegari na zo da tsofaffin atamfofina, masu ja da ruwan ɗorawa, da manyan kwanduna irin waɗanda ake kife wa 'yan tsaki. Muka rufe tukwanen da su. Na sa kwaɗo a ƙofa na ba Dokta Hamadu makulli, na ce ko babban likita ne ya zo kada ya ba shi.

Madam Rahila ta gina ƙaramar tukunyar miya don gwaji, muka kife mata kwando. An ce mini a makon ta zo bakin ƙofar ta tsaya, ta taɓa kwaɗon, ta koma. Ranar koyo aka buɗe, ta ɗaga kwando da kanta. Tukunya lafiya lau, ba tsaga ko ɗaya. Ta daɗe tana jujjuya ta a hannu.

"Ko nemana ba ta yi ba," in ji ta.

Daga nan ta sake kama randar. Babbar randa ba a gina ta rana ɗaya, sai an bar ƙasa ya yi ƙarfi kafin a ɗora sama, don haka ta ɗauke mu makonni. A kan wannan aikin ne bakinta ya buɗe, hannunta a cikin randa har kafaɗa, ba ta kallona. Ta ce matar da ta rasu ita ta karɓi haihuwarta ta fari, ta san sunanta, ta san mijinta. Ta ce da ba ta je ta kwanta ba. Ban ce mata haka Allah ya ƙaddara ba, don duk garin sun riga sun gaya mata. Na ce ta ƙara ruwa a tsumma, bakin yana bushewa.

Ranar da aka gama randar ta zo daidai da ƙarewar wa'adin da babban likita ya ba ta. Na gaya mata gaskiya, randa mai girman nan za ta yi kusan wata tana bushewa, sannan a gasa, kuma ba abin da za ta yi mata a tsakani. Ta rufe ta da atamfa da hannunta. Ta wanke hannu, ta goge, ta dubi Dokta Hamadu, wanda tun ranar da ya tura ta gida ba ta ƙara yi masa magana ba sai ta aiki.

"Dokta, zan ɗauki konje, in je hutun nan. Randa da matarnite, duka na bar maka."

Ta hau mota ta bi hanyar Figil zuwa duwatsunsu.

Ban taɓa ganin an yi tattalin tukunya kamar yadda Dokta Hamadu ya yi ba. Bai buɗe ƙofa ba sai ranar da na ce. Da za a kawo randar gidana don gashi, a bayan mota ya zauna ya rungume ta cikin ciyawa, yana yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Muka shanya ta a rana, muka zuba mata garwashi a ciki ta ɗumama. Bayan la'asar muka jera tukwanen duka a fili, randar a tsakiya, muka lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, na sa wuta ta gefen da iska ke fitowa. Wuta ta kama da kyau. Tana cikin ci sai na ji ƙara daga tsakiya, ba irin ta kara ba. Maginiya ta san wannan ƙarar. Ban gaya wa Dokta Hamadu ba, na bar shi ya kwana da sa rai.

Da safe muka ture toka. Duk ƙananan tukwanen sun fito jawur, suna amsawa in an ƙwanƙwasa. Randar ta dare daga baki har ciki. Na duba ta ciki da waje ban ga dalili ba. Haka gashi yake, wata rana a yi komai daidai kuma babbar ce za ta tafi. Dokta Hamadu ya zauna a ƙasa cikin toka da wandonsa mai kyau.

"Dada, me zan ce mata?"

"Tukunya ce, ɗana. Za a gina wata."

"Ba randar kaɗai ba ce."

Ashe a makon an kawo wata mata daga ƙauye a bayan motar kaya, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Shi da ƙananan ungozomomin suka yi duk abin da ake yi. Jaririn ya rayu, uwar ba ta rayu ba. Na ce a raina shi ke nan, Madam Rahila in ta ji wannan ba za ta ƙara taka ƙofar gidanta ba, ko kuma ta ajiye aikin gaba ɗaya.

Ta dawo ranar koyo, kumatunta sun ɗan ciko, ta zo mana da tsarabar gyaɗa da tsamiya. Ba ta ko shiga matarnite ba ta biyo sito. Randar tana tsakiyar ɗaki, ba mu ɓoye ta ba. Kowa ya sunkuyar da kai yana murza yumɓun da ba ya bukatar murza. Ta durƙusa ta bi tsagar da yatsa daga sama har ƙasa.

"Dokta, ka buɗe ta kafin lokaci?"

"A'a, Madam."

"Ta bushe sosai? An ɗumama ta kafin wuta?"

"An yi. Dada tana wurin."

"To, ai ka yi abin da ake yi."

"Madam, akwai kuma wata mata."

Ya faɗa mata a tsaye, da Faransanci rabi da Hausa rabi. Ta miƙe a hankali. Ta shiga yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yaushe aka kawo ta, me aka fara sa mata, an sami jini, wa ya riƙe jaririn. Yana amsawa, ƙananan ungozomomin suna cike masa, muryar ƙaramar cikinsu tana rawa. Tambayoyin suka ƙare, ana jin mai wanki yana buga zane a waje. Ni dai ƙofa nake kallo, ina jiran ta fita da gudu.

Ba ta fita ba. Ta kama hannun yarinyar mai rawar murya ta riƙe, ta dubi Dokta Hamadu.

"Ko ina nan, abin da kuka yi shi zan yi," in ji ta. Kamar maganar ta ba ta mamaki. Sai ta sake faɗa a hankali, wannan karon ba da su take ba. "Ko ina nan."

Ta zauna a kan buhun yumɓu ta yi kuka sosai, irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Ni ma na yi nawa, ban ɓoye ba. Da ta gama ta share fuska da gefen zane, ta shiga matarnite ta ga jaririn, ta gaisa da masu jego. Ana kiran magariba ta fito da jakarta a kafaɗa. Ina bakin get ina jiran abin hawa, na ga ta tsaya, ta waiwaya ta dubi barandar. Ƙaramar ungozomar nan tana tsaye a can, ita ke da kwanan aiki ranar. Madam Rahila ta ɗaga mata hannu.

"Sai da safe, 'yata. In an kawo wata, ki karɓa."

Ta tsayar da mai moto, ta faɗa masa sunan unguwarsu, ta hau.